Tambaya ga masu duron: sai da izini ake ɗaukan aikin kuɗi a cikin Kano, ko kowa tashi kawai yake?

Sadik_Lens:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah ina neman shawarar waɗanda suka riga mu a harkar nan. Shekara shida ina ɗaukan biki da kyamarar hannu, watan jiya Allah ya hore na sayi duron, wato ƙaramin jirgin nan mara matuƙi mai kyamara, ƙirar DJI Mini 3 Pro na hannu a Farm Centre. Yanzu wani Alhaji ya ba ni aiki biyu, ɗaya sabuwar filazarsa ce a Zoo Road yana son bidiyon talla daga sama, ɗayan kuma filaye ne ya yanka a wajen Jaba yana son masu saye su ga yadda wurin yake. To wanda ya sayar min ya ce tunda nauyinta bai kai giram 250 ba babu ruwana da kowa, in tashi abina, wani abokina kuma ya ce wallahi in aka kama ni sai na yi bayani a Abuja. Wanne ne gaskiya? Kuma in izini ake nema a wajen wa ake nema? Har na karɓi rabin kuɗin aiki.

Dan_Fagge01:
Wa alaikumus salam. Jaba fa ka ce? Malam ai ka shiga bayan filin jirgi kenan. Na Zoo Road ɗin ma a yi magana, amma wannan ajiye shi tukuna.

Abba_Sky:
Ni shekara huɗu ina tashi a garin nan, daga Hotoro har Kabuga ba inda ban ɗauka ba, ko sau ɗaya ba wanda ya taɓa tambayata takarda. Ka je da sassafe, minti goma ka gama ka naɗe kayanka ka tafi. Mutane suna son wahalar da kansu ne kawai.

Injiniya_Bashir:
Abba, rashin kama ka ba shi ne halacci ba. Sadik bari in yi maka bayani yadda na sani, ka yi haƙuri zai ɗan yi tsawo.

Sararin samaniyar Najeriya ba na jiha ba ne, na tarayya ne. Hukumar da ke da alhakin dokar duk abin da ke tashi na farar hula ita ce NCAA, kuma tun watan Mayu na 2016 ta fitar da sanarwa cewa ba a yarda kowa ya tashi jirgi mara matuƙi ba sai da izininta da kuma na ofishin mai bai wa shugaban ƙasa shawara kan tsaro, wato ONSA. Biyu ne, ba ɗaya ba. NCAA tana duba lafiyar zirga-zirgar jirage, ONSA kuma tana duba waye kai, me za ka yi da abin. Da aka sabunta dokokin sufurin sama a 2023 sai aka ware wa jirage marasa matuƙi sashe guda nasu, sashe na 21, a nan aka yi maganar rajistar na'urar, da lasisin mai tuƙawa, da satifiket ɗin kamfanin da ke aikin kuɗi da ita wanda suke kira ROC. Shigo da ita ƙasar ma akwai takardar shaidar wanda zai yi amfani da kayan, da ake kira EUC, daga ONSA, ita kwastan ke tambaya. Sai NAMA, su ne masu kula da zirga-zirga a sama, hasumiyar filin jirgi a hannunsu take.

Ƙa'idojin tashi na yau da kullum kuma: kar ka wuce ƙafa 400, kusan mita 120 kenan, kar ta ɓace wa idonka, kar ka bi ta kan taron jama'a, kar ka kusanci filin jirgi ko wurin tsaro ba da izini ba. Ka ga aikinka na Jaba ya faɗa cikin ta ƙarshen nan kai tsaye.

Sadik_Lens:
Ikon Allah. Injiniya na gode ƙwarai. To maganar giram 250 ɗin fa, ƙarya ya yi min kenan?

Injiniya_Bashir:
Ba ƙarya ce zalla ba, rabin magana ce. Ƙasashe da yawa sun sa giram 250 a matsayin iyakar rajista, shi ya sa ma DJI suka ƙera Mini a giram 249, da gangan ne. Amma ko a Amurka inda 'yan YouTube ke ɗauko wannan zancen, sassaucin na mai wasa ne don nishaɗi, da zarar kuɗi ya shiga sai ka yi rajista komai ƙanƙantarta kuma sai ka ci jarrabawar lasisi. Sannan maganar filin jirgi ba ruwanta da nauyi. NCAA suna da ofis a nan Kano, ka je ka tambaye su da bakinka, gara ka ji daga gare su da ka ji daga mai shago da ke son ya sayar da kayansa.

Abba_Sky:
To Injiniya ka faɗa masa kuɗin mana, kar ka tsaya a rabi kai ma. Sharuɗɗan da suka fitar wancan lokacin sai kana da kamfani mai rajista da CAC, hukumar rajistar kamfanoni, mai jarin naira miliyan 20, ka biya naira 500,000 na neman izini wanda ba a dawo maka da shi, sannan 100,000 duk shekara. Yaron da ya tara kuɗin biki ya sayi duron na hannu ina zai samo wannan? Dokar ta kamfanonin mai ce da masu safiyo, ba ta mu masu ɗaukan kamu da dina ba.

Injiniya_Bashir:
Wannan gaskiya ne, haka aka fitar a wancan lokacin, kuma ni ma ina ganin ya yi wa ƙananan masu sana'a nauyi. Amma tun daga nan an sake dokar, an buɗe shafin rajista a intanet, don haka kar ya ɗauki lissafin shekarun baya ya yanke hukunci, ya je ya ji na yanzu. Kuma tsadar doka ba ta sa ta daina zama doka ba, ranar da abin ya faɗo kan motar wani ko kan ɗan wani ba za ka ce wa alƙali ai fom ɗin ne ya yi tsada ba.

Hajiya_Deko:
Ku kuna ta maganar Abuja, ni bari in faɗa muku wadda ta fi kusa da ku. Ina harkar kwalliyar wurin biki, kuma ina zaune a cikin gari wajen Mandawari. Bara aka yi kamu a layinmu, mai hoto ya tashi abin nan wai zai ɗauko shigowar amarya daga sama. Ni ina tsakar gida ina wanki da ɗaurin ƙirji, 'yata ta fito daga wanka, sai ga abu yana ƙugi a kanmu kamar zuma ta tashi, ya tsaya cak. Wallahi har yau in na tuna raina ɓaci yake. Gidajenmu na cikin gari tsakar gida a buɗe take, banɗaki da yawa ba rufi, an yi katanga mai tsawo ne saboda mai wucewa a ƙasa, ba wanda ya yi ginin da tunanin ido zai zo ta sama. Ko da takardar shugaban ƙasa a aljihunka ba ka da izinin leƙa min gida.

Ummu_Haidar:
Wallahi Hajiya kin faɗi abin da ke raina. Mu a Gwammaja har sai da maigidan ya fita da kansa ya nemo mai abin. Shi kuma yaron sai rantsuwa yake wai kyamarar gaba take kallo ba ƙasa ba, to mu ta ina za mu sani?

Malam_Nura_Gwale:
Allah ya saka wa Hajiya da alheri. Wannan mas'ala ai addini ya gama da ita tun kafin a ƙera na'urar. A Suratun Nur aya ta 27 an hana shiga gidan da ba naka ba sai ka nemi izini ka yi sallama, kuma hadisi ya inganta a Bukhari cewa an sanya neman izini ne saboda gani. To ido ne abin da ake tsarewa, ko ƙafarka ba ta taka zauren ba. Mu da muka taso a cikin badala mun san ko magini zai hau rufi yin yaɓe sai an aika yaro gidajen maƙwabta a ce za a hau sama, mata su kimtsa. Mai duron ya fi maginin nan ganin gidaje, shi layi guda yake gani a lokaci ɗaya.

Sadik_Lens:
Hajiya Allah ya ba ki haƙuri, wallahi ban taɓa kawo wannan a raina ba, ni tunanina duk yana kan jami'ai. Ita filazar a bakin titi take amma bayanta gidaje ne.

Kb_Editor:
Sadik wannan yana da sauƙi in ka tsara. Ka tashi daga gefen titi, kyamara tana kallon fuskar ginin, kar ka yi irin zagayen nan da ake kewaye gini gaba ɗaya don shi ne ke kwaso bayan gidajen mutane. In dole sai an ga unguwa to ka karkata kyamarar sama-sama ta kalli nesa, ba ka kifa ta ƙasa ba. Mu a wajen editin muna ganin abubuwa, akwai wanda ya kawo min aikin wani otal, cikin memorin har da matar mutane tana tankaɗe a tsakar gida ana ganin fuskarta tar, 4K ce fa. Na yanke na goge na kuma gaya masa. Amma da wani ne ya saka a TikTok fa?

Barista_MK:
Ƙari a kan maganar Kb. Sashe na 37 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ba kowane ɗan ƙasa haƙƙin sirrin kansa da gidansa, sannan akwai dokar kare bayanan jama'a ta 2023, kuma hoton da ake gane fuskar mutum a ciki yana cikin bayanansa. Izinin NCAA izinin tashi ne, ba izinin ɗaukar kowa ba. Abu na biyu da masu hoto ke sakaci da shi, ku riƙa rubuta yarjejeniya da mai aiki. Ko shafi ɗaya ne, a rubuta cewa wurin nasa ne, shi ya sa ka, ga rana ga lokaci, ya sa hannu. In rigima ta tashi Alhajin da ya ce maka "je ka yi ba komai, ni ne nan" shi ne farkon wanda wayarsa za ta daina shiga.

Dan_Fagge01:
Barista kamar ka san Alhazan garin nan hhhh. Amma mu koma kan Jaba don Allah, don ni nan ne hankalina yake. Mutane suna manta cewa filin jirgin Malam Aminu Kano a cikin gari yake yanzu, gari ya cinye shi. Kurna, Rijiyar Lemo, Bachirawa, Kwana Huɗu, Birged, Sabon Gari, mu nan Fagge, duk maƙwabtansa ne, in jirgi zai sauka har tagoginsa muke ƙirgawa. Kuma ba jiragen fasinja kaɗai ba ne, sansanin sojan sama yana nan jikinsa, suna tashi atisaye. Ka ɗaga abu a bayan katangarsu da kyamara, kai da kanka ka san ba tambayar lasisi za a fara yi maka ba.

Captain_Jibo:
Na yi aiki a harkar jiragen sama shekaru kafin in yi ritaya, bari in sa baki. Jirgi in zai sauka yana gangarowa ne a hankali a kan kusurwar digiri uku, ma'ana a nisan kilomita biyu daga bakin titin saukarsa tsayinsa bai fi mita ɗari da 'yan kai ba. To ka ga wannan mita 120 da ake cewa iyakar duron, a unguwannin da ke kan layin sauka daidai hanyar jirgin ce. Matuƙi ba zai ga abu kamar tafin hannu ba a wannan gudun, balle lokacin hazo. Tsuntsu ma da yake nama ne yana lalata inji, ina ga abu mai batir da ƙarfe. A Ingila a watan Disamba na 2018 rahoton ganin duron kawai ya tsayar da filin jirgin Gatwik, jirage kusan 1,000 abin ya shafa. Ku ƙaddara a yi haka a Kano lokacin jigilar alhazai. Kuma don ku san matsayin garin nan a harkar, tun 1925 jirgi ya sauka a Kano, har yau sunan Kano ne a kan yankin sararin samaniyar ƙasar a taswirar matuƙa.

Abba_Sky:
Ranka ya daɗe Captain na yarda da kai a kan filin jirgi, ni ma ba na zuwa can, ita kanta manhajar DJI tana nuna maka taswira ta yi gargaɗi in ka matso. Abin da nake cewa Zoo Road ina, filin jirgi ina.

Captain_Jibo:
Gargaɗin manhaja na kamfani ne ɗana, ba na hukuma ba. In ta bar ka ka tashi ba yana nufin an ba ka izini ba, ba duk wurin da hukuma ta hana ne ke cikin taswirarsu ba.

Sani_Bijilanti:
Ni ina cikin 'yan sintirin unguwa. Shawarata ga duk mai wannan sana'a, kafin ka je Abuja fara zuwa ƙofar mai unguwa. Ka gaishe shi ka ce ranka ya daɗe gobe da ƙarfe kaza zan ɗauki hoton ginin wane, shi zai sa a sanar, in da hali ya haɗa ka da ɗayanmu ya tsaya kusa da kai. Sannan ka leƙa ofishin 'yan sanda na yankin ka sanar. Mutane a tsorace suke, ga labarin ɓarayi da masu satar mutane, kowa ya ga abu yana shawagi a kan gidansa cewa zai yi leƙen asiri ake. Mun taɓa ƙwatar wani yaro da ƙyar a hannun matasa, sun ce ɗan rahoto ne, ashe tallan makarantar Islamiyya yake ɗauka. Da ya sanar da ba a kai nan ba.

Baban_Ilham:
Ai dole mutane su tsorata. Tun abin da ya faru a Tudun Biri a jihar Kaduna a Disamba 2023, da jirgi mara matuƙi na soja ya hallaka masu Mauludi, in ka fita ƙauye ka tashi ko ƙaramar nan ce za ka ga mata suna kwashe yara. Na je ɗaukan gonar wani a wajen Ɓagwai sai da dagaci ya tara mutane na nuna musu abin a hannu, na bar dattawa suka kalli allon rimot suka ga gonakinsu, sannan hankali ya kwanta. Ƙarshe har roƙona ake in ɗauko wa wannan gonarsa in ɗauko wa wancan.

Mai_Doki_Yakasai:
Tunda an zo nan bari in yi ƙorafina. Masu duron ku ji tsoron Allah a wajen hawa. Doki ba ya son ƙarar abin nan, musamman in ta sauko daidai kansa. Na ga ingarma ya yi tsaye da yaro ɗan shekara goma a kansa saboda wani yana neman hoto na kusa, Allah ne ya kiyaye masu riƙe da linzami suka yi ta maza. Hawan Daushe kuwa ka san yadda Ƙofar Kudu ke cika, in batir ya mutu a kan wannan jama'a fa? Farfelar nan tana yanka kamar reza. Gaskiya hotunan sama sun fito da hawan Kano a idon duniya, ga shi UNESCO ta saka shi cikin al'adun duniya a Disamba 2024, amma a bar wa waɗanda fada ta sani ta kuma ba su wuri, ba kowa ya zo da tasa a jaka ba.

Dan_Fagge01:
Wace fadar? hhhh

Admin_Auwal:
Dan_Fagge ka kiyaye. Ban da siyasar masarauta a zauren nan, mun sha faɗa. A ci gaba da maganar duron.

Kb_Editor:
Wani abin lura ma, gidan gyaran hali na Kurmawa yana jikin gidan Sarki, na Goron Dutse kuma yana gindin dutsen, mutane suna hawa Goron Dutse ko Dala su tashi don su samo hoton birni ba su san me ke ƙarƙashinsu ba. Haka barikin Bukavu a kan hanyar filin jirgi, da Janguza a hanyar Gwarzo, da gidan gwamnati. Duk waɗannan ko kyamarar hannu ka ɗaga sai an tambaye ka.

Furodusa_Ali:
Mu a masana'antar fim akwai ƙarin mataki. Hukumar tace fina-finai ta jiha, wadda aka kafa tun 2001, ita ke yi wa masu shirya fim rajista ta kuma duba aikin kafin ya fita. Amma kar wani ya ruɗe, takardarta ba ta sama ba ce, abin da ke cikin fim ɗin ne ya dame ta. Abin da muke yi in muna da fitowar da ke buƙatar duron, ba ma saya, muna ɗauko wanda yake da takardunsa ya zo lokeshan da kayansa a biya shi na yini. Sadik ina ga wannan ce mafitarka a yanzu: ka nemi kamfani mai ROC ka shiga ƙarƙashinsu, ko su tashi kai ka yi editin, a raba kuɗin. Riba ta ragu amma ka kwana a gidanku.

Abba_Sky:
Wato dai manya su ci, yara su yi dako. Su masu takardar nawa ne a Kano gaba ɗaya? Yawanci daga Abuja ko Legas ake ɗauko su, kuɗin motarsu kaɗai ya cinye aikin Sadik.

Furodusa_Ali:
To ku haɗu mana. Ku goma ku yi rajistar kamfani ɗaya, ku nemi takarda ɗaya, ku sa mutum biyu su yi horon tuƙi. Masu ɗinki suna da ƙungiya, masu adaidaita suna da ita, ku kowa yana ɓoye wa ɗan uwansa kwastoma.

Zee_Photography:
Wannan shawarar ta Furodusa na daɗe ina faɗa. Ni mace ce a harkar, yawancin aikina bikin mata ne a cikin hol, kuma gaskiya na daina tashi a cikin unguwa gaba ɗaya bayan irin abin da Hajiya_Deko ta faɗa ya taɓa faruwa da yarona. A cikin hol ma sai uwar amarya ta yarda, don akwai matan da ba sa son a ɗauke su suna rawa, kyamarar hannu suna ganinta su kauce, wannan kuwa ba ka san inda take kallo ba. Kuma a kula da 'yan damfara, wani ya karɓi 80,000 a hannun ƙawata wai zai fito mata da lasisi cikin sati ɗaya, ya kawo wata takarda mai tambari da aka buga a shagon kwamfuta. Duk wanda ya ce a tura kuɗin hukuma asusunsa na kansa ku gudu.

Usee_Kurna:
Ni tawa an karɓe wata bakwai kenan. Ɗaurin aure nake ɗauka a unguwarmu, ko minti uku ban yi a sama ba sai ga wasu jami'ai a mota, suka tafi da ni da rimot da wayata, sai dare aka sake ni bayan yayana ya zo ya tsaya min. Sun bincike wayar tas. Ba su dake ni ba gaskiya, amma tambayar farko ina takardarka, ta biyu wa ya aiko ka. Duron dai har yau ana cewa in dawo. Abba_Sky da ke cewa ba a tambaya, ni ma haka nake cewa kafin ranar.

Abba_Sky:
Allah ya mayar da alheri Usee. Amma kai ma Kurna fa, ai kana jin ƙarar injin jirgi daga ɗakinka.

Usee_Kurna:
A nan aka haife ni, a nan kwastomomina suke, ina kake so in je?

Injiniya_Bashir:
Wannan ita ce matsalar da ba a warware ba. Kusan duk arewacin birnin yana maƙwabtaka da filin jirgi, kuma ga jama'a da yawa a nan. Kamata ya yi a ce akwai taswira a fili da kowa zai duba a wayarsa, nan ja ne, nan sai ka kira hasumiya, nan kore ne, da hanyar neman izinin yini ɗaya mai sauƙi. In aka sauƙaƙa mutane za su bi. Kuma ku sani yanayin tsaro yana ƙara tsaurara abin, a farkon 2025 rundunar soja ta hana tashin duron a arewa maso gabas saboda 'yan ta'adda sun fara amfani da irin na kasuwa ɗin nan. Duk wanda zai karɓi aiki a Maiduguri ko Damaturu ya san da wannan.

Hajiya_Deko:
A taswirar taku a sa tsakar gidana ja don Allah.

Sadik_Lens:
Hhhh an sa Hajiya. To ga inda nake: na kira Alhaji na ce masa na Jaba ba zan iya tashi ba, zan yi masa da kyamarar hannu da gimbal, mariƙin nan da ke hana hoto girgiza, in yana son na sama sai a nemo masu takarda su nemi izini. Bai ji daɗi ba, ya ce wani yaro ya yi wa maƙwabcinsa a wurin ba abin da ya faru, na ce to Alhaji ni dai ban iya ba. Na Zoo Road kuma jibi zan je ofishin NCAA in ji ta bakinsu, daga nan in ga mai unguwa. Barista don Allah in akwai samfurin yarjejeniyar nan ka turo min ta inbok.

Barista_MK:
Zan turo da daddare in sha Allah. Ka sa ya rubuta cikakken sunansa ba "Alhaji" kawai ba.

Abba_Sky:
Na ci amana in wancan yaron bai karɓe aikin Jaba ba kafin Juma'a. Sadik in ka je ka dawo ka faɗa mana nawa suka ce, in abin mai yiwuwa ne ni ma a sa da ni a kamfanin Furodusa, in kuma har yanzu miliyoyi ne to kowa ya san inda dare ya yi masa.

Baban_Ilham:
Ko ka samu takarda ka kula da shirwa a Zoo Road, wajen gidan zu suna da yawa kuma suna kawo wa abin nan farmaki, tawa ta farko haka ta tafi. Kar ka tashi da tsakar rana kuma, zafin Kano yana kumbura batir, ka bari sai bakwai na safe ko bayan la'asar.

Usee_Kurna:
Wai akwai mai buƙatar batiran Mavic Air 2 guda biyu da caja? Tunda uwar ba ta dawo ba gara in sayar da 'ya'yan.

Zee_Photography:
Nawa za ka bar su? Turo hoto in ga ko sun kumbura.